Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lambun Bayan Katanga

Masu bibiyar labarina, a makon jiya mun tsaya ne a inda alƙali ya tura ni gidan gyaran halin matasa, irin wanda dokar 1962 ta tanada domin 'yan shekara 16 zuwa 21. Shekarata 17 a lokacin, kuma kodin ya riga ya ci jikina. Da aka raba ni da shi, barci ya ƙaurace mini. Ga hamma ba iyaka, ga ciwon gaɓɓai, ga zuciya a kusa. Wanda ya taka mini ƙafa a layin abinci, sai dambe.

Akwai wani dattijon gandiroba da muke kira Baba. Wata safiya a tsakiyar hunturu ya miƙo mini bokiti da ƙaramar fartanya.

"Ɗana, ga kunya biyu can, naka ne. In ka manta da su, su mutu."

Na ce, "Baba, ni fa ba manomi ba ne."

Bai ce komai ba, ya wuce.

Tumatur muka dasa, da alayyahu a gefe. Shi ya nuna mini cewa ba a dashe da rana tsaka, sai da yamma, kuma ruwa a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Alayyahu bai cika wata ba muka fara yanka, aka sa a miyar gidan. Wallahi ranar na ci tuwo ina kallon sauran yara suna ci, wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Tunda nake, ban taɓa ciyar da kowa da gumina na halal ba. Daga nan ne barci ya fara dawowa, domin jikin da ya wuni yana jan ruwa ba ya gardama da tabarma.

Sai 2016 ta zo da tsutsar da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye gonakin tumatur a Kaduna da Kano har farashin kwando ya haukace. Tana shiga cikin ganye ta ci ta ciki, sai ka wayi gari ganyen ya yi fari-fari kamar an babbaka shi. Ba ta bar kunyoyina ba.

Na ɗauki fartanya zan farfasa sauran. Baba ya riƙe hannuna.

"Ba kai kaɗai ba ne, ɗana. Manoman Kadawa can Kano da iyalai a wuyansu ma kuka suke yi. Tuge su, mu ƙone, mu sa zogale."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban daki kowa ba ranar. Da la'asar muka yanko rassan zogale muka kafa.

A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, zan ba ku labarin zuwan Inna ziyara, da abin da ta faɗa mini game da Abba.