Kwalliyar takubba ba takubban

Jiya na shiga gidan tarihi na Bamingam, na tsaya gaban wani gilashi har ƙafafuna suka yi tsami. A ciki akwai kayan da wani mutum ya gano da na'urar neman ƙarfe a wata gona a yankin Istafodsha na Ingila a 2009. Gutsattsari dubbai na zinariya da azurfa, mafi yawansu kwalliyar ƙotar takobi ne, na wajen ƙarni na 7, zamanin Masiya, wata tsohuwar masarauta a tsakiyar Ingila.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba ruwan takobi ko ɗaya. An ɓamɓare adon ne kawai, wasu har sun lanƙwashe, aka binne.

Na matsa kusa da wani kan ƙota da bai fi babban yatsana ba. Jajayen duwatsu ƙanana jere cikin ɗakunan zinariya, a ƙarƙashin kowanne an shimfiɗa siririyar zinariya mai zane don ta mayar da haske. Wallahi sai da na tuna Baffana a maƙera, yadda yake runtse ido ɗaya in yana gyaran bakin wuƙa. Da yana raye, da shi zan fara turawa hoton.