Ganyen miya a tsakar gida lokacin bazara

A Garwa, a arewacin Kamaru, da zarar hunturu ya juya baya, yawancin masu ɗan lambu a cikin gida sukan naɗe hannu su ce sai ruwa ya sauka. Ban ga laifinsu ba. Daga Maris zuwa farkon Mayu zafi yakan haura digiri 40, rijiya ta ja baya, famfo ma wata rana a wayi gari bai kawo ba. Amma ni a wannan lokacin ne lambuna ya fi yi mini rana, domin a lokacin ne ɗanyen ganye yake wuya a kasuwa: ɗaurin ya ƙanƙance, kuɗin ya hau, kafin ki iso gida kuma ya yi yaushi a cikin leda. Sai a koma kuka da busasshiyar kuɓewa kullum, yara su fara ture kwano.

Wurin nawa ba wani fili ba ne. Tsakanin madafa da katanga ne a gidanmu na unguwar Yelwa, taku shida a tsawo, uku a faɗi. Sa'ar da na yi ita ce ɗakin yana yamma da shi, saboda haka yana shan hantsi, daga azahar kuma inuwa ta rufe shi. A tsakiyar Afrilu rana takan tsaya daidai ƙoƙon kai, babu katangar da ke ba da inuwa da tsakar rana, don haka maigida ya kafa mini sanduna huɗu muka ɗora tsohuwar zana mai huji-huji. Sabuwar zana mai kauri ba ta dace ba, duhunta ya yi yawa, shuka sai ta yi tsawo siririya tana neman haske.

Abin da na fi so mata 'yan'uwana su ji shi ne batun zaɓen iri. Latas, kabeji, karas da tumatir kayan sanyi ne. Masu lambu a bakin Binuwai suna samunsu da kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma a zafin bazara latas yakan yi tozo ya yi ɗaci, tumatir kuma ya yi fure, furen ya kakkaɓe bai ɗaura ɗa ba. Ba taki ne ya yi kaɗan ba, ba kuma hannun mai shukar ba ne, zafin ne yake lalata garin furen. Ina jin takaici in na ga mace ta kashe kuɗinta a kan fakitin iri mai kyakkyawan hoto, ta yi wata biyu tana ɗawainiyar ruwa, a ƙarshe ta ce ita ba ta da hannun shuka. Alhali ga yakuwa, rama, lalo, alayyafo, kuɓewa da zogale, waɗanda suka saba da ranarmu tun kaka da kakanni, irinsu kuma sai maƙwabciya ta ba ki a ƙullin takarda.

Kowannensu da halinsa. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, sai an cuɗa shi da yashi kafin a yafa, in ba haka ba ya fito a cunkushe. Cikin mako uku zuwa huɗu an fara tsinka. Irin lalo fatarsa tauri gare ta, nakan ƙulle shi a tsumma in tsoma a ruwan zafi na ɗan ƙiftawar ido in cire, in shanya, sannan in shuka. Kuɓewa a jiƙa ta kwana, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya, kuma a riƙa cire su suna ƙanana, domin in aka bar su suka ƙosa uwar takan rage haihuwa. Zogale kuwa kada a bar shi ya miƙe ya wuce katanga. Ya kai ƙirji, a sare kansa, sai ya yi rassa inda hannu zai kai. Yakuwa ce sarauniyar wurin. Ranar da aka samu bandar kifi daga tafkin Lagdo, aka haɗa da yakuwar da aka tsinka yanzu-yanzu da ɗan tunkuza ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, tuwon ba ya kwana.

Ruwa shi ne gaba ɗayan maganar, kuma a nan Goggo, ƙanwar mahaifina da ta yi shekaru a Marwa, ta gyara mini tunani. Ta ce, "'Yata, je ki ga masu albasa a bakin kogin Mayo Tsanaga. Wa kika gani yana yin kunya da rani? Fangali suke yi." Gaskiyarta. Kunya ta damina ce, don kada ruwa ya kwanta. Da rani kwarin ake so: a sauke ƙasar kamar tsawon yatsa, a yi mata baki, duk ɗigon da aka zuba ya tsaya a gindin shuka maimakon ya gangara.

Ban taɓa sayen ruwa don lambu ba. Wurin alwala na mayar gindin zogale, mutum bakwai a gida, salla biyar a yini, ba ƙaramin ruwa ba ne. Ruwan wankin shinkafa, na wankin gero da na ɗaurayar ganye duk a bokiti ɗaya ake tarawa. Wanda ba na yarda ya kusanci fangali shi ne ruwan wanki mai omo ko jabel, wato sinadarin faranta tufafi, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo, domin gishirinsu yana taruwa a ƙasa, a hankali ganye ya fara ƙonewa daga baki. Ban-ruwa kuma bayan sallar asuba ne, sai kuma gab da magariba in rana ta yi tsanani. Na tsakar rana rabinsa iska ce take sha.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tulu. Ki samo tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba, ki binne shi har wuya a tsakiyar fangali, ki cika shi, ki rufe bakin da murfi saboda sauro. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓun a hankali, saiwoyi su bi danshin su kewaye shi. In ƙasa ta jiƙe sai tsattsafin ya ragu da kansa. Kuɓewar da ke kewaye da tuluna ba ta sunkuyar da kai da azahar kamar sauran, kuma sai bayan kwana biyu ko uku nake ƙara masa ruwa. Ko tafiya ta kama ni zuwa biki a Gidar ko Ngaundere, hankalina a kwance yake.

A saman ƙasar nakan baza ɓawon gyaɗa, wanda masu ɓarza suke bayarwa kusan kyauta. Yana hana ƙasa yin ɓawo, yana riƙe sanyi. Sai dai yana kiran gara, saboda haka ba na bari ya taɓa karan shuka, kuma nakan barbaɗa ɗan toka a kewaye. Taki kuwa na tumaki ko na awaki wanda ya kwana biyu ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji a wannan zafin wuta ne.

Kayan ƙamshi suna gindin randa, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. Na'a-na'a a cikin fasasshen bokiti take, don in aka sake ta a ƙasa sai ta mamaye ko'ina. Reshe ɗaya aka tsinko mini, na dasa, ya kama. Kusa da ita akwai ɗoɗɗoya, wadda nake tsinke furenta don ta ci gaba da ganye, da kuma ciyawar shayi mai ƙamshin lemo. Azumin 2024 da na 2025 duk a cikin zafin nan suka faɗo, kuma shayin buɗa-baki da zoɓon gidanmu ba su rasa ɗanyen ganye ba ko sau ɗaya. Attarugu shi ma yakan zubar da fure a Afrilu. Ba na tuge shi, ina dai raya shi har ruwa ya sauka, sai ya rama.

Da rani duk abin da ke da rai idonsa na kan kore. Kaji da ƙadangaru sukan cinye tsiro tun yana kunne biyu, maganinsu tsohon gidan sauro da aka yafa a kan sanduna. Ƙananan ƙwarin da ke manne wa bayan ganyen kuɓewa kuma, 'ya'yan darbejiya nake dakawa, in jiƙa su kwana, in tace, in yayyafa da yamma. Ana maimaitawa duk mako, ba ya kisa nan take, amma yana hana su ci.

A nan zan roƙi arziki. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, kuma ragowar maganin feshin auduga yana yawo a hannun mutane, ana ɗura shi a kwalabe marasa suna ana sayarwa. Don Allah kada a fesa shi a kan yakuwa ko alayyafo. An yi shi ne don shukar da ba a ci, ganyen miya kuwa yau a fesa, jibi yana cikin tukunya, yara suna ci. Gara ganye mai huji da wannan.

Wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu hadari zai fara haɗuwa, kuma ruwan farko da iska mai ƙarfi yake zuwa. Kafin nan nakan ƙara ɗaure zanar da igiya, in ya sauka sosai kuma in cire ta gaba ɗaya, in fasa bakin fangali don ruwa ya sami hanya, in tono tulun in wanke in ajiye. Kuɓewa biyu da alayyafo ɗaya mafi ƙarfi nakan ƙyale su su ƙosa su bushe a tsaye. Irin nakan zuba a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari, in rubuta sunansa a jiki, rabi nawa, rabi na matan layinmu da suka riga suka yi magana.