Rawanin Aro da Kuɗin Waina

Makon jiya na shiga Zariya gaisuwar rasuwa. Da na fito daga cikin birni ta Ƙofar Doka sai na ce bari in ƙarasa Samaru in duba ɗan ƙanwata da ke aji uku a jami'a. Ban same shi a ɗaki ba, abokin ɗakinsa ya ce in leƙa bakin kasuwa wajen masu ba da hayar kujeru. Can kuwa na tarar da shi, ya karkata hula, ga fayil a hammata, yana yi wa wani dattijo bayani. Ban yi sallama ba tukuna, na tsaya a bayansa ina saurare.

"Baba, kada ka ji komai. Rumfa shida, kujera ɗari uku. Ana tashi daga taro za ka ji alat. Manyan mutane muka gayyato."

Gabana ya faɗi. In ka cire maganar alat, ko kalma ɗaya bai canza ba daga abin da bakina ya faɗa a wannan kasuwar shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, a ajinmu masu ita ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ni ne shugaban ƙungiyar ɗaliban yankinmu. Wanda bai yi zaman Samaru ba ba zai gane zafin gasar da ake yi a kan ranar al'adu ba. Nijeriya ce kacokan a cikin shinge ɗaya. Tibi su fito da zanensu mai ratsin baƙi da fari suna rawar suwange, Yarabawa su zo da gangarsu, Ibo su yi ta tsalle-tsalle da alkafura har ka riƙe baki, ga Nufawa, ga Barebari, ga 'yan kudancin Kaduna. Mu kuwa shugaban da na gada ya yi nasa taron da lakca ɗaya da zoɓo a leda. A bainar jama'a na ce wannan ai taron suna ne, na yi rantsuwa nawa sai an yi shekaru ana labarinsa. An kuwa yi.

Katin gayyata muka fara bugawa kafin mu san nawa ke cikin asusu. Uban taro, uwar taro, shugaban taro, babban baƙo na musamman, babban baƙo mai jawabi, babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa huɗu. Sati uku ina zirga-zirgar Kaduna a motar haya, ina zaman jira a falon masu kuɗi tun hantsi har la'asar, ana can ana lakca ba ni. Duk wanda na samu gani sai ya juya katin ya ce, "Madalla, Allah ya kai mu." Ni kuma in fito in rubuta adadi a gaban sunansa. Wallahi haka na riƙa yi, na mayar da "Allah ya kai mu" takardar cek.

A kan wannan lissafin na ɗebi kayan mutane. Mai rumfa da kujeru, mai lasifika da janareta, makaɗan kalangu daga wani ƙauye ta wajen Giwa, 'yan dambe daga cikin mahauta, da dawakai biyu da kayan hawansu daga wani gida a cikin birni. Sai wata dattijuwa a Hayin Dogo mai tuyar waina, wadda muke ce wa Inna. Wajenta nake karya kumallo tun ina aji ɗaya, ranar da babu ta ce in ci in kawo gobe. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na ce waina nake so ta mutum ɗari uku da miyar taushe. Ta ce, "Ɗan nan, jarina bai kai nan ba." Na ce ta yi ƙoƙari, ana tashi daga taro zan kawo mata da hannuna. Daga baya na ji kwasar adashenta ta karɓa ta auno shinkafa da mai.

Taro kam ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba don in nuna na tuba. Fili ya cika har bisa bishiyoyi. Da kalangu ya ɗauka, 'yan dambe suka shiga fage suna kirari, ɗaliban da ba su jin ko "zo" da Hausa sai ga su suna ihu tare da mu. 'Yan mata suka yi gaɗa, aka yi kacici-kacici da gasar karin magana. Daga ƙarshe aka zaunar da ni, aka naɗa mini rawani, aka yafa mini alkyabba, na hau doki ana jinjina. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, kuma ba nadama ba ce. Ku yafe mini, daɗi ne.

Da aka zo ƙaddamarwa, cikin manyan da ke kan kati mutum ɗaya ne ya zo da ƙafarsa, sauran wakilai suka turo. Kowane wakili ya karɓi makirfo ya ce mai gidansa ya ba da dubu kaza, a yi tafi, maroƙi ya wasa shi. Sakatare yana ta rubutu har takarda ta cika. Da dare muka zazzage ambulan a kan katifa, abin da muka ƙirga bai biya ko mai janareta ba.

Sai bin alkawari. Alhaji ya yi tafiya, Alhaji yana barci, ka dawo ranar Laraba. Mai gadin da ke buɗe mini ƙofa da fara'a ya koma yi mini magana ta kafar get. Ana cikin haka malamai suka shiga yajin aiki, aka ce kowa ya tafi gida. Ɗalibai na baƙin ciki, ni kuwa hamdala na yi a zuci, na bar garin da asuba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda na biya bashin bayan an dawo. Mai rumfa ya zo har ƙofar ɗakinmu yana ɗaga murya, na ba shi kuɗin rajistata. Mahauta ba a wasa da su, na sayar da rediyona da akwatina na sallame su. Mai dawakai yana da wanda ya sani a cikin makaranta, shi ma ya samu nasa. Makaɗa suka samu rabi. Wato duk mai iya tona mini asiri na biya shi, mai kunya kuwa na bar ta da kunyarta. Sau biyu Inna tana aiko 'yarta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ta tsaya daga nesa ta ce, "Inna ta ce a gaishe ka, wai ko da hali?" In ba ta kuɗin mota in ce ta ce ina nan tafe. Na canza hanya, na daina bi ta layinsu, na koma shan shayi da burodi.

Na daɗe ina kare kaina, kuma har yanzu wani lokaci ina yi. Ko kwabo ban ci ba. Mu goma sha ɗaya ne a kwamiti, da aka ga ba kuɗi kowa ya tuna yana da jarrabawa. Waɗanda suka sa aka yi musu tafi a kan kuɗin da ba su da niyyar bayarwa, ai su ne suka ci wainar Inna. Ni ma na ji jiki, na faɗi kwas biyu, sai da na ƙara shekara, mahaifina ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata da kyau. Duk gaskiya ne. Amma Inna ba ta san kwamiti ba, ba ta san wani Alhaji ba. Ni na durƙusa a gabanta.

Sai bayan na yi hidimar ƙasa, na samu aiki, na yi aure, sannan na koma Hayin Dogo da kuɗin a ambulan, har na ninka. Na tarar ta rasu. 'Yar ce ta fito da goyo a bayanta, ta gane ni nan take. Ta ce Inna ta yafe tun tuni, ta sha faɗa cewa yaron kirki ne, abin ne ya fi ƙarfinsa. Na tambayi tanda da kaskon tuya, ta ce ai tun shekarar nan jarin ya karye, wankau ta koma yi wa ɗalibai. Ta karɓi ambulan ɗin ta yi godiya. Abin da ya sayi buhun shinkafa a wancan lokacin, ninkinsa bai sayi rabin buhu ba ranar.

Tun da Sardauna ya kafa jami'ar nan a 1962 Samaru ke ɗauke da ɗalibai. Masu wanki, masu shayi, masu ɗinki, 'yan acaɓa, masu gidajen haya a Ɗanraka da Layin Zomo, su ke nan kullum. Mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa, shekara huɗu ko biyar an watse. Shekara biyar na yi a garin ban taɓa zuwa sunan ɗan wani a cikinsu ba, ban taɓa bin gawar kowa ba. Ban tsaya na ga Hawan Daushe a ƙofar fada ba, alhali a lokacin marigayi Mai Martaba Shehu Idris ne ke kan gado, tun 1975. Ko Dutsen Kufena daga tagar mota na san shi. Amma wai ni ne sarkin al'ada, don na ari dokin mutane na wuni guda.

A hanyata ta komawa gida na tsara wa yaron nan shawarwari sun kai goma. Da na zauna rubutawa sai na ga yawancinsu surutu ne.

Kuɗin da bai shigo hannunka ba, babu shi. Ku ƙirga abin da 'yan ƙungiya suka tara, ku yi taro daidai shi, ko da lakca ɗaya ce da zoɓo a leda. Mutumin da na yi wa dariya yana barcinsa lafiya har yau. In kuwa ya zama dole a ci bashi, don na san taro ba ya rasa ɗan cikon da za a yi daga baya, to ku ci na mai ƙarfi. Mai tuya da makaɗi da mai share fili a biya su tun kafin a kafa rumfa.

Na so in ce kada ka karɓi shugabancin ƙungiya sam, ka riƙe karatunka, shi aka turo ka yi. Sai dai in na faɗi haka na yi ƙarya, domin rubuta wasiƙa, da tsayawa gaban jama'a, da gane mutum daga yadda ya ce "Allah ya kai mu", duk a nan na koya, kuma da su nake cin abinci yau, ba da kwas biyun da na maimaita ba. To ka karɓa. Ko kuma kada ka karɓa in kana ajin ƙarshe. Kai dai ka san kanka, in kana son tafi kamar yadda nake so a lokacin, ka gudu.

Ku kuma na yanzu abinku har ya fi namu ban haushi. Mu aƙalla mun nemo makaɗa na gaske. Ku sai a ɗauko mai kwamfuta ya saki kiɗa, a sa rawanin da tela ya ɗinke kamar hula, a yi ta hoto ana ɗorawa a TikTok, kafin la'asar an cire an koma wando matsattse. Ka ce yaro ya kawo karin magana uku sai ya duba waya. Ɗan ƙanwar nan tawa hannunsa ɗaya a aljihu yake magana da sa'an kakansa. Sai da na buɗe baki zan yi masa faɗa, na tuna ni har ƙasa na durƙusa, kuma ga abin da durƙuson nawa ya haifar. Na yi shiru.

Ku shiga gari ranar da ba ku ne da makirfo ba. Mai gidan hayarku in ya yi haihuwa ku je suna, in an yi rasuwa a layinku ku zauna a tabarma. Ku san sunan mai wankinku na gaskiya. Wanda ka ci tuwon sunan ɗansa, da wuya ka canza hanya saboda shi. Ko da yake ni wainar Inna na ci shekara uku, kuma na canza.

A bakin kasuwar dai na ja yaron gefe na ba shi labarin nan a taƙaice. Ya saurara, ya ce, "Kawu, ai zamaninku daban, yanzu a wurin ake tura kuɗi ta waya, ba zancen alkawari." Na ce rumfa shidan nan ya mayar da su uku. Ya ce zai yi shawara da kwamiti. Kafin in tafi na zaga na ba dattijon kuɗin rumfa biyu daga aljihuna, na ce kada ya faɗa masa.

Jiya da dare katin ya shigo mini ta WhatsApp, da ruwan zinare da hoton doki. Rumfa ban san ko nawa suka tsaya a kai ba, amma sunayen manya goma sha huɗu na ƙirga. Nawa ne na biyar, an sa mini Alhaji alhali ban je Makka ba, a ƙarƙashinsa an rubuta babban mai ƙaddamarwa. Na fara rubuta masa "Allah ya kai mu", na goge.