Baba ya taka zuwa masallaci

Alhamdu lillahi. Jiya da Magariba Baba ya taka da ƙafarsa daga zaure har masallacin layinmu. Taku 74 ne, na ƙirga, don ina biye da shi hannuwana a buɗe. Ya waiwayo ya ce, “Kai, matsa, tata kake yi mini?” Wata bakwai rabon da in ji ya tsokani wani.

Ba sai na maimaita muku ba, kun san daren da ɓarin jikin Baba ya shanye, kun san kwanakin asibiti. Ni kaina na gaji da ba da labarin. Godiya kawai na zo yi.

Likitocin gashi na Asibitin Malam Aminu Kano, Allah ya saka muku da Aljanna. Su suka fahimtar da mu cewa ƙafar Baba lafiyarta ƙalau, a ƙwaƙwalwa ɓarnar take: jijiyar jini ta toshe a ɓangaren dama, shi ya sa ɓarin hagu ya shanye, kuma maimaita motsi ne ke sa ƙwaƙwalwa ta nemi wata hanyar. Sun ce watanni uku zuwa shida na farko ne jiki ya fi karɓa, kada mu ɓata su muna jira. Sun hana mu jan hannun da ya shanye idan za mu ɗaga shi, don kafaɗa na iya gocewa. Sun hana gashi da ruwan zafi, domin fatar wajen ba ta jin zafi sosai, sai a ƙona mutum bai sani ba. Mu kuwa da muka ji an ce gashi, tawul da tafasasshen ruwa muka tanada.

Akwai ranar da ba ta barin raina. Sati na shida, an tsayar da Baba tsakanin ƙarafan nan biyu da ake dafawa, aka ce ya mayar da nauyinsa kan ƙafar hagu. Gwiwar ta lanƙwashe, ya tafi zai zube. Da aka zaunar da shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Ku mayar da ni gida, na daina wahalar da 'ya'yan mutane.” Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Yaron da ke kula da shi, wanda bai kai ni shekaru ba, ya jawo kujera ya zauna gabansa, ya tokare gwiwar Baba da tasa gwiwar, ya ce, “Baba, sau ɗaya kawai. In ta sake lanƙwashewa, tawa za ta tarar.” Baba ya miƙe. Daƙiƙa 10 ya yi a tsaye. Ni na fita baranda don kada ya ga fuskata.

Na san ba a faɗin alheri a bainar jama'a, amma mai waldan bakin layinmu sai dai ya yi haƙuri. Hoton ƙarafan asibiti kawai na nuna masa a waya, kwana biyu sai ga shi da bututun ƙarfe da siminti, ya kafa mana irinsu a tsakar gida. Na tambayi kuɗi, ya ce in na sake tambaya zai tuge abinsa. A jikinsu Baba ya koyi tashi da zama, sau 10 safe, sau 10 yamma, har ya koma sanda mai ƙafa huɗu, wadda yake riƙewa da hannun dama mai lafiya. Mai Keke Napep da ke kai mu duk Talata da Alhamis, yana jira ba ya ƙorafi, Allah ya ba ka naka na kanka. Autarmu da ta riƙa tashi duk awa biyu cikin dare tana juya shi don kada kwanciya ta ci masa baya, Allah ya ba ki masu yi miki. Umma kuwa, bakina ya yi kaɗan.

'Yan uwa da suka riƙa turo saƙon murya ta WhatsApp, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a nemo man kaza a shafa, mun gode da kulawa. Gidan dai yana nan inda kuka san shi. Baba ya ce tunda zumunci a ƙafa yake, tasa ta fara warkewa, shi zai zo.

Da sauran aiki. Yatsun hannun ba su gama buɗewa ba, tafin ƙafar yana ɗan jan ƙasa, shi ya sa yake sa takalmin roba mai tallafe idon sawu. Maganin hawan jinin da ya ajiye a bara don ya ji sauƙi, yanzu Umma ce ke miƙa masa da hannunta, tana tsaye har ya haɗiye.

Ya Allah, duk wanda ya taka, ya kira, ya bayar, ko ya yi mana addu'a a ɓoye, ka tsare masa lafiyarsa, ka jiƙan iyayensa, ka yaye masa abin da ya dame shi. Waɗanda muka bari a layin gashi, ka tashi kafaɗunsu. Amin.

Alhajin da ya ara mana keken marasa lafiya, gobe bayan La'asar zan dawo da shi. Tayar hagu tana ƙara, a hannunmu ta fara, zan biya ta wajen mai gyara tukuna.