Yadda muke ta fama da tsohon kiɗan buluz a gaban yaran zamani

Ni dai ba makaɗi ba ne, gidanmu ma ba a gaji kiɗa ba, aiki ne ya kawo ni Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, garin da 'yan uwanmu na Nijar suka yi yawa har wani lokaci a layin biyan kuɗi na kanti sai ka ji ana zuba Zabarmanci da Hausa kamar kana Yamai. Jita kuwa tun a gida nake ɗan taɓawa, irin ta zaman majalisa. Wani dattijo baƙar fata da muke aiki tare, Baba nake ce masa shi kuma yana jin daɗin sunan, shi ya sa ni a hanyar buluz, tsohon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, salon wannan yankin da ake kira Piedmont, wanda ba lantarki ba ganga, daga kai sai jitar katako da yatsunka.

Duk sirrin abin a babban yatsa yake. Shi ne zai riƙa sauka kan manyan tsirkiyu, wannan sannan waccan, wannan sannan waccan, ba tsayawa, manuni da na tsakiya kuma suna can ƙasa suna fitar da waƙar. Kamar lugude ne, taɓare biyu a turmi ɗaya, in ɗaya ta yi latti shi ke nan kowa ya ji. Baba sai da ya sa na yi watanni babban yatsa kawai nake motsawa, in zauna ina kallon ƙwallo yatsan yana ta aiki, har madam ta fara cewa wai ko dai in kai jitar nan gareji ko ita ta kai ta. Gefen yatsan ya yi kanta, fatar ta yi tauri har allon waya ba ya jin taɓawarsa sosai.

A hankali na san su waye masu abin. Blind Boy Fuller, makaho ne, a garin Durham na nan jihar yake zama bakin rumbunan gwanjon taba yana kiɗa lokacin da manoma suka sayar da kaya aljihu ya yi nauyi, tsakanin 1935 da 1940 ya naɗi waƙoƙi sama da ɗari a faifai, ya rasu 1941 ko arba'in bai kai ba. Ga Elizabeth Cotten, bahaguwa, ta juya jitar 'yan dama sama a ƙasa ta koya wa kanta, ita da manuni take bugun manyan tsirkiyu, babban yatsan ne ke yin waƙar, kuma sai da ta haura shekara 90 ta karɓi Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, a 1985. Wallahi in ka ga bidiyonta sai kanka ya juya.

To da hannu ya ɗan faɗa sai muka haɗu mu uku, ni da wata yarinya mai banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da zagayayyen ciki, da wani saurayi mai kaɗa allon wanki na ƙarfe, yana sa 'yan hulunan ƙarfe na teloli a yatsu yana gurza shi. Inda aka fara kiranmu ɗakunan karatu ne da shagunan kofi, kuma masu zuwa kusan duk tsofaffin Turawa ne, su zauna tsit, a gama su yi tafi cikin ladabi, wani ya zo ya gaya maka ai a faifan asali ba haka aka bi wajen nan ba. Mutanen kirki ne fa, su suka riƙe abin da kuɗinsu shekara da shekaru, amma jikokinsu da suka rako su suna can baya kai a cikin waya.

Baba ne ya zo kallo wata rana, da muka fito ya ce min, yaro, kiɗan rawa ne fa kuke yi wa zaman makoki. Kuma gaskiyarsa. Wannan zaman tsit ɗin ya samo asali ne daga shekarun 1960 lokacin da ɗaliban jami'a suka shiga neman tsofaffin mawaƙan da aka manta, suka gano Mississippi John Hurt a ƙauyen Avalon na jihar Mississippi a 1963 bayan fayafayansa na 1928, aka kai shi bikin waƙoƙin gargajiya na garin Newport, aka gano Son House da Skip James a 1964. Sun kyauta, ba don su ba da tsofaffin nan sun mutu ba a sake jin su ba, sai dai sun ɗauko kiɗan daga gidajen biki da bakin kasuwa sun ɗora shi kan dandamali gaban mutanen da ke zaune. Tun daga maganar nan ta Baba muka canja wuri. Kasuwar manoma ranar Asabar, tsakar gida in ana gashin nama, har sunan wani ɗan uwanmu mun yi, mai allon wanki a gaba, ba kujeru, mu ɗan ƙara sauri. Yara ƙanana ne ke fara tsalle, sai iyaye mata, samarin su ne na ƙarshe amma suna zuwa.

Rigimar da muka fi yi a tsakaninmu kan ƙara bugun kwamfuta ce. Saurayin nan ya dage wai in ba a sa bit a ƙasa ba ba wanda zai tsaya a TikTok. Ni ban yarda ba har gobe, don da ka sa inji ya riƙe lokaci babban yatsa ya zama ɗan rakiya, alhali shi ne gangar. Amma kuma ban tare da masu cewa sai an kwaikwayi komai har ƙarar shuuu ta tsohon faifai, ai su Fuller ba son ransu ba ne, na'urar zamaninsu ce haka. Makirfo ɗaya mai kyau muke sawa a tsakiya, wanda zai yi fice ya matso, ya gama ya ja baya. Kuma tsohon faifai minti uku ne kusan kowane gefe, don haka waƙoƙin dama can gajeru ne, ba su da wahalar yankawa a ɗora.

Baitoci kuwa namu muke sawa. Waƙar alfadari da gonar auduga ba ta taɓa yaron da bai taɓa ganin alfadari ba, amma ka yi masa ta kuɗin haya da aikin dare a sito da motar da ta ƙi tashi cikin sanyi, sai ka ga ya ɗago. Ni har baiti ɗaya nake jefawa da Hausa, kuma yana hawa daram.

Banjo ita ce ke ba mutane mamaki, yaran baƙaƙe da yawa sun ɗauka kayan Turawan ƙauye ce, sai yarinyar nan ta tsaya ta gaya musu bayi daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa ta da ƙwarya da fata, danginta su akontin na Jolawan Senegal da Gambiya. Ni da na ga irin ta ƙwaryar gurmi kawai na tuna. Ƙungiyar Carolina Chocolate Drops ce ta buɗe wa yarinyar ido, su da suka haɗu a 2005 suna zuwa garin Mebane na nan jihar, gidan tsoho Joe Thompson mai goge suna koyo a gabansa, har suka ci Grammy a 2011, kuma Rhiannon Giddens ta cikinsu 'yar Greensboro ce.

Kuɗi kam kar ma ka tambaya, abin da ake jefawa a akwatin jita da ƙyar yake sayen tsirkiya da man mota. Yanzu dai yara biyu na zuwa wajena ran Lahadi da yamma, ɗaya ɗan wani maƙwabcinmu Bazabarme, duk na hana su taɓa ƙananan tsirkiyu tukuna, ƙorafi suke ta yi.