Wasiƙa daga Fulorida: kifin da aka saka, yana rayuwa kuwa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da fatan kowa lafiya, da iyali da harkoki. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, domin tun da na sa hotunan gasar kamun kifi a Facebook ake ta jefo mini tambaya iri ɗaya: wai da gaske ne mutum zai ƙona mai, ya shiga teku tun asuba, ya kamo kifin da ya fi shi nauyi, sannan ya sake shi? Wasu suka ƙara da cewa, in an sake shin yana rayuwa, ko mushe ake mayarwa ruwa? Ta biyun nan ce ta zaunar da ni. Masu son labarin kifin tuna da na kifayen ƙasan teku, zan taɓo muku su in wuri ya samu.

Da gaske ne. Kifin da aka fi yi wa haka shi ne malin, mai dogon baki mai tsini. Shuɗin malin mafi girma da aka kama da fatsa a Atlantika kilo 636 ne, a gaɓar Burazil, a 1992. Amma a nan Amurka, duk masu kamun nishaɗi na ɓangaren Atlantika in an haɗa su, malin 250 kacal doka ta yarda su fitar tudu a shekara. Sauran duk sakinsu ake yi.

Kafin ma ka ga ruwa, takarda ta gama gajiyar da kai. Lasisin jiha daban, izinin jirgi na gwamnatin tarayya daban, kuma kowace shekara sai an sabunta. Kana son kamun shak, wato kifin teku mai kaifin haƙora? Sai ka zauna ka kalli bidiyo, ka amsa tambayoyi, kafin a ƙara maka shi a kan izininka. Ka fitar da malin tudu ba a cikin gasa ba, awa 24 gare ka ka kai rahoto. Kifin tapon kuwa, tun 2013 jihar Fulorida ta ce kama-ka-saki ne, kuma wanda ya wuce inci 40 ba a ma ɗaga shi daga ruwa. Mutum yana tsaye jirgi na tangaɗi da shi, yana lissafin inci da ido. Har yanzu cike fom ɗin nan yana cin raina, sai dai dokokin ba haka kawai aka ƙaga su ba.

Da can, in kifi ya kaɗa jela ya nutse, sai a ɗaga tuta a jirgi a ce ya tsira. Ba wanda ya bi shi ya gani. Abin da ya sauya zancen wata 'yar na'ura ce da ake soka wa kifi a doro kafin a sake shi. Tana rubuta zurfin da yake, da ɗumin ruwa, da haske. Ranar da aka ɗiba mata ta cika sai ta ɓalle, ta taso sama, ta aika labarin ta tauraron ɗan'adam. Kifi mai rai hawa da sauka yake yi kullum. Wanda ya mutu kuwa, sai ka ga layin ya gangara ƙasa ya miƙe shiru. Wani lokaci na'urar takan nuna duhu na kwanaki tana ta yawo, wato shak ya haɗiye ta tare da naman mai ita.

A 2005, Andrij Horodysky da John Graves na cibiyar nazarin teku ta jihar Bajiniya suka fitar da sakamakon farin malin 40 da aka sa wa na'urar. Guda 20 an kama su da ƙugiya mai zobe, wadda tsininta ya lanƙwasa ciki, kuma duka suka rayu. Guda 20 an kama su da ƙugiyar da kowa ya sani, mai siffar harafin J, sai 7 suka mutu. Dalilin a fili yake. Ita ta J kifi yana haɗiye ta, ta kama maƙogwaro ko tumbi, ta yi ɓarna a ciki inda ido ba ya gani. Mai zoben kuwa zamewa take yi ta fito, sai ta zo kusurwar baki ta maƙale. Daga 2008 aka wajabta ta a gasar malin ta Atlantika ga duk wanda zai saƙala kifi na gaske a ƙugiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hoto. Malin da bakinsa a buɗe yake iyo, ruwan da ke ratsawa ne numfashinsa. Ya yi kokawa da zare, yana tsalle yana nutso, jininsa ya cika da sinadarin gajiya, launinsa mai sheƙi ya dusashe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. A daidai wannan hali ne wani zai jawo shi kan jirgi, ya rungume shi yana murmushi, ana cewa a ƙara ɗaya. Kamar a ce mutum ya gama gudun ceton rai ne, yana haki, sai a danna kansa cikin ruwa. Graves da abokan aikinsa sun gwada wannan ma a 2016: farin malin da aka fitar sararin iska na 'yan mintoci, kusan ɗaya cikin uku ya mutu, alhali waɗanda aka bari a ruwa ko biyu cikin ɗari ba su kai ba. Dokar tarayya ta hana fitar da wanda za a saka, amma hotunan sun cika intanet.

Masu jirgin da suka san aikinsu ba sa haka. Yaron jirgi zai sa safar hannu ya sunkuya ya riƙe bakin kifin yana cikin ruwa, direba ya ja jirgi a hankali. Ana tafe ana kallo, har launin ya fara dawowa, jelar ta fara bugawa, kifin ya ciji hannun da ke riƙe da shi. Sannan a sake shi. In ƙugiya ta shige ciki, yanke zaren ake yi kusa da baki, ba a tsaya tono ba. Wanda duk ya samu kansa a irin wannan jirgi, da ya tambayi irin ƙugiyar tun kafin a tashi, ya kuma nemi zare mai ƙarfi don kokawar ta gajarta. Hoton ma daga gefen jirgi yana fita da kyau.

Kifaye kuma ba ɗaya suke ba. Shak mai zanen damisa yana jure wahalar fatsa sosai, amma babban shak mai kan guduma gajiya kaɗai takan kashe shi bayan an sake shi. Kifayen ƙasan teku nasu ciwon daban ne: in an jawo su sama da sauri iskar cikinsu kumbura take yi, har tumbi ya leƙo ta baki, sai an mayar da su ƙasa da wani nauyi na musamman. Maganar kifin tuna doguwa ce, ku bar ni da ita sai wasiƙa ta gaba.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.