Muzuru da ɓera ne suka shiga tsakanina da Kaka

Ni fa da ace wani zai ce min wai Tom and Jerry ne zai riƙe min aikina na farko a Amurka da dariya zan masa wallahi. Amma bari in faro daga farko.

Ƙarshen 2021 na biyo maigidan zuwa Filadelfiya, ni da yaronmu, lokacin yana shekara huɗu. Cikin sanyi muka sauka, irin sanyin da in ka fita kunnenka sai ya ringa zafi kamar an murɗe shi, ƙarfe biyar na yamma duhu ya riga ya yi, magariba ta wuce ni kuma jikina bai yarda ba. Gidan da muke haya ɗaki biyu ne a kudu maso yammacin garin, kusa da titin Woodland inda shagunan 'yan Afirka suke, can ne in kewar gida ta ishe ni nake zuwa in sayo manja da kuɓewa busasshiya da daddawar 'yan Mali in ji ƙamshin gida ko yaya ne. Wata kusan takwas ina zaune daga ɗaki sai kicin, sai da takardun aiki suka fito na yi ɗan kwas na kula da tsofaffi a gidajensu, wani kamfani ya ɗauke ni ya tura ni gidan wata tsohuwa baƙar fata 'yar shekara 83. Ba zan faɗi sunanta ba, ni dai Kaka nake ce mata, tun ba ta san ma'anar ba har ta zo tana amsawa.

Matsalar ita ce turanci. Ni da na yi koyarwa a firamare shekara shida a Kaduna ina ganin turanci ai ba zai min gardama ba, ashe wanda na zo da shi daban nasu daban. In na yi magana sai ta yatsine fuska ta ce me? In ta yi magana ni kuma in ji kamar tana tauna kalmomin ne tana haɗiye rabi, turancin mutanen kudancin ƙasar gare ta, a ja nan a datse can. Sati biyun farko ko ruwa na miƙa mata sai ta kalli kofin ta kalle ni. Abinci ta ƙi ci a hannuna. 'Yarta da ke zuwa duk Lahadi ta faɗa min a tsaitsaye cewa ni ce ta huɗu, uku sun zo sun tafi. Kullum in na hau troli, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, zan koma gida sai na yi kuka a ɓoye cikin gyale, na ce wa maigidan ni fa na gaji, ya ce yi haƙuri ki cika wata ɗaya tukunna.

Wata safiya ina ninke kaya a falo, tibi na kunne kamar kullum don ita Kaka ba ta kashe shi, akwai wata tasha da ba abun da take nunawa sai tsofaffin shirye-shirye. Kawai naji zakin nan na farkon Tom and Jerry ya yi gurnani sai kiɗan ya biyo baya. Wallahi jikina sai da ya yi yam. Take na ganni a Tudun Wada ina 'yar shekara bakwai, mun cika falon maƙocinmu mai tibi, mu kusan goma sha biyar a kan leda, an ce duk wanda bai wanke ƙafa ba kar ya shigo, ana addu'a kar a ɗauke wuta kafin a gama. Na juya, wanda Tom ke kiɗa fiyano ne, ya sha baƙar kwat mai jela yana wani ɗaga hanci shi a dole babban makaɗi, shi kuma Jerry yana baccinsa cikin fiyanon a kan 'yan sandunan nan masu bugun waya. Aka fara. Ya fito da almakashi zai datse wa Tom yatsa, bai samu ba, ya zare maɓallai ya dasa tarkon ɓera a gurbin, Tom na ta tsallake wurin yana tsallakewa har dai ya manta, tarko ya ce ƙwas, yatsa ya kumbura ya yi jajir kuma duk da haka kiɗan bai tsaya ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ban san sanda dariya ta ƙwace min ba, irin ta gida mai ƙarfi har da tafa hannu. Sai naji wata dariyar a bayana. Kaka ce, baki buɗe ba haƙora don ba ta saka su ba tukunna, tana nuna tibin da yatsa tana tari. Ta daki kujerar kusa da ita alamar in zauna. Ranar ta cinye kwanon ots ɗinta tas.

Daga nan ya zama ƙa'ida, bayan wanka da magani sai katun. Kuma abun da na lura, dalilin da yasa abun ya yi mana aiki shi ne babu magana a ciki. Ba mai cewa me? Guduma ta sauka a ka ƙulu ya fito, tukunya ta daki fuska fuskar ta koma kamar tukunya, wannan ko ɗan Tudun Wada ko 'yar Karolaina ba sai an fassara masa ba. Kiɗan ne yake yin maganar, in Jerry na sanɗa kiɗan ma sanɗa yake, in Tom ya gangaro daga bene sai kaji kiɗan na gangarowa tare da shi matakala bayan matakala. Ni da ina ƙarama ban taɓa kula ba, sai yanzu. Wani Scott Bradley ne ya tsara kiɗan, da cikakkiyar tawagar makaɗa ake ɗauka, saboda muzuru da ɓera fa.

Kaka ce ta fara buɗe min ido cewa abun nan ba na tibi bane asali, kuma ba don yara kaɗai aka yi ba. A silima ake nuna shi, minti bakwai haka kafin a saka babban fim, manya da yara duk a zauna. Ta ce a garinsu a Karolaina ta Kudu tana yarinya baƙaƙe ba sa shiga ta ƙofar gaba, akwai tasu ƙofar a gefe, su hau bene su zauna can sama, turawa a ƙasa. Ta ce amma in Tom ya kurma ihun nan nasa sai kaji sama da ƙasa duk sun fashe da dariya lokaci guda. Kafin in gane wannan labarin sai da ta maimaita sau uku, amma ta maimaita ɗin ba tare da ta yatsine fuska ba, ni a wurina wannan ma ci gaba ne.

Da yake hanyar gida doguwa ce sai na koma bincike a waya cikin troli, kun san ɗan koyarwa da son bin diddigi. Ashe mutum biyu ne suka ƙirƙiro shi, William Hanna da Joseph Barbera, a kamfanin MGM can Kalifoniya, na farkon ya fito 1940 lokacin ma muzurun sunansa Jasper ba Tom ba, kuma ya fi kama da magen gaske, gashi buzu-buzu yana tafiya da ƙafa huɗu. Daga nan zuwa 1958 guda 114 suka yi, suka ci kyautar Oska har bakwai, wancan na fiyanon na cikinsu. Amma wanda yake hawa ya karɓo kyautar shugaban sashen ne Fred Quimby, wanda ba shi ke zanen ba. Na ce to, ashe kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba a gida kaɗai ba ne. Ihun Tom ɗin nan da duk muka iya kwaikwayo muna yara, muryar shi Hanna ɗin ce da kansa. Kuma dukkansu da hannu aka zana, ba kwamfuta, hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, ku lissafa na minti bakwai ku gani, ya kai dubu goma. Bayan MGM sun rufe sashen katun ɗinsu a 1957 an kai aikin Chekoslobakiya aka yi guda 13, sannan Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967, waɗanda Tom ke da gira mai kauri. Kaka ba ta san duk wannan tarihin ba amma da an saka na Chekoslobakiyan sai ta ce wannan ba Tom ɗinta bane in canja. Kuma gaskiyarta, sautinsu wani iri kamar a cikin rijiya aka ɗauka.

Muna yara dukkanmu 'yan bayan Jerry ne, ai shi ne Gizon labarin, ƙarami mai wayo da yake wahal da babba. Kaka kuwa 'yar Tom ce ta gidi. Ta ce shi fa aiki aka ɗauke shi, in bai kama ɓeran nan ba waje za a jefa shi cikin sanyi, shi kuma ɗan ɓeran ba haya yake biya ba sai dai ya buɗe firji. Na ce mata mu a wurinmu cewa ake in ɓera na da sata daddawa ma na da wari, wa ya ce su ringa ajiye cuku a fili. Ai kuwa na sha wuya wajen bayanin daddawa, ƙarshe washegari na ƙullo 'yar kaɗan a leda na kawo mata ta shinshina. Abun da ta faɗa ba zai rubutu ba.

Sai ranar da aka saka wanda matar nan take ciki. Duk wanda ya kalla da yawa ya santa, baƙar mata mai jiki, silifas, safa ta zazzago, tsintsiya a hannu tana ƙwala wa Tom kira, kuma kusan kullum daga ƙafa zuwa kafaɗa kawai ake nuna ta. Mu a gida maman Tom muke ce mata, mun ɗauka gidanta ne, har muna cewa ta yi kama da wata maƙociyarmu mai faɗa. Ina ta dariyata sai na lura ni kaɗai nake yi. Kaka ta yi shiru, ta ce in rage sauti. Ta ce muryar nan ta Lillian Randolph ce, ta santa a rediyo tun suna yara, can ma 'yar aikin gida take fitowa. Sannan ta ce mahaifiyarta shekara sama da ashirin tana aiki a gidan wasu turawa, ta ƙofar baya take shiga, ta yi girki ta yi wanki ta raini yaransu uku, kuma ta tabbata in da za a ce wa mai gidan ya kwatanta fuskarta ba zai iya ba, hannunta da ƙafarta kawai suka sani. Ta ce a silima in matar nan ta fito 'yan ƙasa sun fi dariya, su na sama wasu su yi wasu su yi shiru. Daga baya na gani a waya cewa tun 1952 aka daina saka ta, a wasu kwafin na tibi an canja mata murya, wasu ma an sake zana ta ta koma baturiya, yanzu kuma wasu wuraren sai sun rubuta gargaɗi kafin su nuna.

Na kalli kaina. Silifas ne a ƙafata na cikin gida, ga safa saboda sanyi, ga kwandon wanki a gefe. Ban ce komai ba amma abun ya tsaya min. Don 'yarta ɗin nan mai zuwa Lahadi, mutuniyar kirki ce ba laifi, amma wata biyar ina gidan ba ta taɓa kiran sunana daidai ba, in tana waya sai naji tana cewa mai aikin tana nan, kuma yawanci tana min magana ne idonta na kan takardar magunguna. Ban sani ba ko Kaka ta ga abun da na gani a fuskata, sai dai ta ce in sake faɗa mata sunana a hankali. Na faɗa. Harafin ɗ ɗin ya gagare ta, ta yi ta gwadawa tana cije harshe har muka koma dariya, ƙarshe dai ta samo wani abu da ya yi kusa. Lahadin da ta biyo 'yar ta ce mai aikin, Kaka ta daka mata tsawa daga kan kujera ta faɗi sunan, a karkace amma nawa ne. Kuma ba ta ce a daina kallon masu matar ba, ta ce bar shi, tana son jin muryar.

Yanzu shekarata ta uku kenan a wannan aiki, turancin ya zauna, har na iya jan kalma irin nata in ina tsokanarta. Yarona kuwa da ya shiga makaranta cikin wata shida ya fi ni turanci, Hausar ce ma yanzu muke fama da shi, katun ɗinsa na yanzu duk surutu ne kamar rediyo ga launi mai kashe ido, ni ba na gane komai. Amma in na saka masa Tom a waya sai ya manne a jikina, kuma dokar ita ce duk sharhin da Hausa za a yi, wayyo muzuru, gudu ɓera gudu, a nan ya koyi kalmar tarko da guduma.

Shi ne fa a hunturun da ya wuce ɓera na gaske ya shigo mana kicin, tsofaffin gidajen garin nan in sanyi ya yi haka suke. Ya fasa min ledar garin masara ya ɓata rabin ƙuli-ƙulin da aka aiko min daga gida, wanda nake ci ɗaya-ɗaya kamar magani. Maigidan ya sayo tarko ya ɗana da ɗan gutsuren ƙulin tunda shi yake so. Yaron nan ya zauna a ƙasa ya dasa kuka wai za a kashe Jerry, har da birgima. Dole uban ya koma shago cikin dusar ƙanƙara ya sayo irin akwatin da yake kamawa da rai, dala goma sha wani abu. Kwana biyu ya shiga. Su biyu suka saka jaket suka tafi da shi can bakin wani fili suka sake shi, yaron na ɗaga masa hannu.

Da na ba Kaka labari ta ce wane irin nisa suka kai shi, na ce layi uku. Ta ce to ki ɓoye sauran abun naki.